Labarin Jackie Mittoo, Makaɗin Jamaika

A cikin tekun da ke tsakanin Amurka ta Arewa da Amurka ta Kudu akwai wani tsibiri da a ke kira Jamaika. Ba shi da girma, tsawonsa bai kai mil 150 ba, amma kiɗansa ya gama duniya. Kowa a cikinmu ya taɓa jin sunan Bob Marley. To, amma in aka shiga aji aka tambaya wane ne Jackie Mittoo, na tabbata ba za a ga hannu biyu a sama ba, ko da ya ke da wuya a sami mai sauraron kiɗan Jamaika wanda aikin hannun mutumin nan bai taɓa shiga kunnensa ba. Labarinsa ni ke so in ba ku, 'yan'uwa.

Yawancin mutanen Jamaika jikokin bayi ne waɗanda aka kwasa daga Afirka aka kai su noman rake. Da aka 'yanta bayi a 1838, sai masu gonaki suka rasa ma'aikata, Ingilishi kuwa suka shiga kawo lebura daga ƙasar Indiya bisa yarjejeniya, tun daga 1845. Waɗansu suka koma gida da wa'adinsu ya cika, waɗansu suka zauna suka yi aure suka hayayyafa. Jackie yana da jinin waɗannan mutane a wani gefe. An haife shi ran 3 ga Maris, 1948, a garin Brown's Town cikin gundumar Saint Ann, a arewacin tsibirin, aka sa masa suna Donat Roy Mittoo. Jackie laƙabi ne, shi ne kuwa ya bi shi. Gundumar nan tana da albarkar mutane, gama a cikinta aka haifi Marcus Garvey a 1887, a cikinta kuma aka haifi Bob Marley a 1945.

Kakarsa ce ta fara koya masa piyano, tun yana ɗan yaro bai isa shiga makaranta ba. Watau kafin ya iya riƙe alli ya riga ya san haƙoran piyano, farare da baƙaƙe, ya san abin da kowanne ke faɗi. Da ya yi girma aka kai shi Kingston College, wata makarantar samari ta Ekklesiyar Angalikan a Kingston, babban birnin ƙasar. A nan ne kiɗa ya soma yin kishi da karatu. Ya shiga ƙungiyoyin samari masu kiɗa a wuraren rawa, har da wata da a ke kira Sheiks. Masu ba da labarinsa sun ce ya kan sulale daga makaranta ya tafi Federal, wani gidan da a ke ɗaukar kiɗa a faifai, ya zauna kusa da manyan makaɗa yana jiran a ce masa taɓa. Mu da za mu riƙe aji gobe, ya kamata mu tsaya a nan kaɗan. Da yaron nan a ajinka ya ke, mai karatu, ka duba rajista ka ga sunansa da alamar fashi kwana uku a jere, me za ka yi masa? Ni dai na san bulala zan fara nema, ban kuwa tabbata da na yi daidai ba.

Kafin mu bi shi gaba, sai mu ga irin kasuwar da ya tarar. A shekarun 1950 talakan Kingston ba su da kuɗin shiga manyan otal inda makaɗa ke wasa. Saboda haka waɗansu masu dabara suka sayi garmaho da manya-manyan lasifika, su kan ɗora su a mota su kai wani fili, su kafa, a biya kuɗi kaɗan a ƙofa a yi ta rawa har asuba. Manyansu su ne Duke Reid, wanda dā ɗan sanda ne, da Clement Dodd, wanda a ke kira Coxsone, daga baya kuma Prince Buster. Gasa tsakaninsu ba ta wasa ba ce. Wanda ya sami faifan da babu shi a wurin kowa, shi ke kwashe jama'a, har su kan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin gasa ya leƙa ya gane. Faya-fayan nan na baƙar fatan Amurka ne. Da irin kiɗan da mutanen Kingston ke so ya soma ƙaranci a Amurka, sai masu lasifika suka ce bari mu tara makaɗan gida mu yi namu. Daga nan aka haifi kiɗan da a ke kira ska, daidai lokacin da ƙasar ke shirin karɓar mulkin kai daga hannun Ingilishi, abin da ya tabbata ran 6 ga Agusta, 1962.

Yaya ska ya ke? Ku tuna da mata biyu suna lugude a turmi guda. Taɓaryar ɗaya tana sauka, ta ɗayar tana sama, sa'an nan ta biyun ta faɗa cikin ratar da ta farin ta bari. To, a yawancin kiɗan Turawa kunne ya kan bi taɓaryar fari ne. A ska kuwa taɓarya ta biyu ita ce sarauniya. Ganga da babban molo mai kaurin murya suna riƙe da tafiya, mai piyano da mai jita kuwa suna saran ratar da ke tsakani, gajere gajere, da sauri, ba fashi. Abin da ke sa jikin mai ji ya yi ta zillo ke nan. Aiki ne mai gajiyar da hannu, kuma ba shi jawo tafi, gama idon jama'a yana kan masu busa. Amma in mai piyano ya yi sakaci ko da na ƙiftawar ido, kiɗan duka ya zube.

A 1963 Dodd ya buɗe nasa gidan ɗaukar kiɗa a lamba 13, Brentford Road, ya sa masa suna Studio One. Ya jawo Jackie, yaro ɗan shekara 15, ya zaunar da shi a bakin piyano. Shekara ta kewayo, a 1964, makaɗan da suka fi kowa gwaninta a garin suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, suka gama kalmar ska da sunan taurarin nan da Rasha da Amurka ke harbawa sama a lokacin, suka ce da kansu Skatalites. Akwai Tommy McCook da Roland Alphonso da Lester Sterling masu busa saksafon, da Don Drummond mai turombon, da Johnny Moore mai ƙaho, da Lloyd Knibb mai ganga, da Lloyd Brevett mai babban molo, da Jah Jerry mai jita. Huɗu daga cikinsu, watau McCook da Drummond da Moore da Sterling, sun koyi busa ne a Alpha, makarantar marayu da yaran da suka gagari iyaye, wadda Sistocin Katolika ke riƙe da ita. Jackie shi ne autansu, shekararsa 16. McCook an haife shi a 1927, ya isa ya haife shi. Duk da haka ba don alfarma aka ba shi kujerar ba.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, amma abin da ta yi cikin ɗan lokacin nan ya fi ƙarfin ƙirge. Suna yi wa Dodd kiɗa, suna yi wa Duke Reid, suna yi wa Prince Buster da waɗansu. Kusan duk mawaƙin da ya yi suna a Kingston a shekarar nan su ne a bayansa, har da waɗansu samari da a ke kira Wailers, watau Bob Marley da Peter Tosh da Bunny Livingston da abokansu. Sai masifa ta faɗa. Don Drummond, wanda ya fi su duka baiwar tsara kiɗa, ya daɗe yana fama da taɓin hankali. A farkon Janairu, 1965, ya kashe Anita Mahfood, mashahuriyar mai rawa wadda su ke zaune tare. Aka tsare shi a asibitin Bellevue, can ya mutu a 1969. Sauran suka ɗan ja, ga gajiya, ga saɓani a tsakaninsu, a watan Agusta na 1965 suka yi wasansu na ƙarshe suka watse. McCook ya ɗebi waɗansu ya koma wajen Duke Reid. Alphonso da Jackie suka tsaya wajen Dodd suka kafa Soul Brothers.

A nan ne ainihin aikin Jackie ya soma, aikin da ya sa na ɗauki alƙalami. Dodd ya mai da shi shugaban kiɗa na Studio One tun bai cika shekara 20 ba. Ku duba yadda abin ya ke. Ran Lahadi samari da 'yammata su kan yi layi a farfajiyar gidan, kowa da waƙarsa a ka, yawancinsu ba su san rubutun kiɗa ba, ba su kuwa iya taɓa kome ba. Wanda aka zaɓa sai ya zo ya rera a gaban Jackie. Shi kuwa ya saurara, ya lalubo muryar a kan piyano, ya gyara inda ta karkace, ya ce wa mai babban molo ga abin da za ka riƙa maimaitawa, ya ce wa masu busa ga inda za ku shigo ga inda za ku yi shiru, ya sa wa waƙar ƙofar shiga da ta fita. Kafin la'asar abin da ya zo tsirara ya fita da riga da hula. Gobe kuma haka, jibi haka, Litinin zuwa Jumma'a, kamar masu aikin masaƙa. Ta hannunsa waƙoƙin Alton Ellis suka bi, da na Ken Boothe, da Delroy Wilson, da Marcia Griffiths, da Heptones. Shi ne kuma ya zuga Leroy Sibbles, jagoran Heptones, ya ɗauki molon bes, har Sibbles ya zama ɗaya daga cikin gwanayensa a ƙasar. Wannan aikin malami ne sosai, ko da ya ke ba allo ba alli.

Wajen 1966 kiɗan ya sake. Gudun ska ya ragu, aka koma wani taki mai nauyi, mai jan jiki, wanda a ke kira rocksteady. Masu busa suka ja baya, bes ya matso gaba, aka sami fili a tsakiyar kiɗa. Jackie ya cika filin nan da ogan. Ba irin na majami'a mai bututu ba, na lantarki ne, irin wanda Jimmy Smith da Booker T. suka yi suna da shi a Amurka. A hannun Jackie ogan ya kan yi kamar mutum yana magana a hankali, ba gaggawa, ba yawan ado. Bai cika son nuna saurin yatsa ba. Ya fi son ya sami 'yar gajeriyar karya ta murya uku ko huɗu wadda in ta shiga kai ba ta fita, ya ajiye ta daidai wurinta, ya bar ta. A ganina wannan ya fi wuya. Yaro ya kan so ya faɗi duk abin da ya sani a lokaci guda, shi kuwa tun yana saurayi ya san abin da za a bari.

Dodd ya soma fitar da faya-fayai da sunan Jackie kansa. "Ram Jam" ya karɓu ƙwarai a Jamaika. A 1967 ƙungiyar, wadda a lokacin a ke kira Soul Vendors, ta tafi Ingila tare da Alton Ellis da Ken Boothe, suka yi wa 'yan Jamaika mazauna can wasa, a shekarar kuma aka fitar da babban faifansa na fari, Jackie Mittoo in London. Evening Time ya biyo a 1968. Daga baya ƙungiyar ta sake suna ta zama Sound Dimension, kiɗan kuma ya sake juyawa ya zama reggae wanda duniya ta sani.

Akwai wani abu game da na'ura wanda sai an fahimce shi za a gane sauran labarin. Da fari, mawaƙi da makaɗa tare a ke ɗaukarsu a layi guda, in ɗaya ya yi kuskure sai a sake duka. A tsakiyar shekarun 1960 Studio One ya sami na'ura mai layi biyu, kiɗa a ɗaya, murya a ɗaya. To, da ya ke sun rabu, ana iya ɗauke muryar a bar kiɗan, a kawo wani mawaƙi dabam ya ɗora sabuwar waƙa a kai, ko bayan shekara goma ne. Mutanen Jamaika suna kiran irin wannan gindin kiɗa ridim. Harsashi ne wanda kowa ke iya zuwa ya gina ɗakinsa a kai, ya shafe shi da irin farar ƙasar da ya ga dama. Cikin shekaru uku ko huɗu Jackie da abokansa suka aza irin harsashin nan da yawan gaske, "Real Rock" da "Full Up" da "Hot Milk" da "Drum Song" da "Darker Shade of Black" da sauransu. A ranar da suka yi su, aikin yini ne kawai.

Ladan yini kuwa aka biya su. Al'adar Kingston a zamanin ita ce a biya makaɗi kuɗin zama ko albashin mako, faifai kuwa da duk abin da ya jawo na mai gidan ne, sau da yawa ma sunan mai gidan a kan rubuta a matsayin wanda ya tsara. Ba na so in yi wa Dodd rashin adalci. Shi ya zuba dukiyarsa, shi ke da kunnen da ya gane yaron, ya kuma buga hotonsa a bangon faya-fayai. Haka kuma in mutum shida suna ɗaki guda kowa yana jefa tasa, da wuya a ce ga wanda ya haifi kiɗan shi kaɗai, Sibbles ma yana da babban rabo a "Full Up". Amma dai dokar da ke tsare haƙƙin mai tsara kiɗa a Jamaika tsohuwa ce ta zamanin Ingilishi, ba kuwa mai kula da ita. Sabuwar doka ba ta zo ba sai 1993, shekara uku bayan Jackie ya kwanta dama.

A ƙarshen shekarun 1960 ya tattara ya ƙaura zuwa Toronto ta ƙasar Kanada. Ba shi kaɗai ba ne. A 1967 Kanada ta sake dokar shiga ƙasarta, ta koma duban ilmi da sana'a, mutanen tsibiran nan kuwa suka yi ta kwarara can. Ya tarar da sanyi, ya tarar da mutanen da ba su san ska ba balle reggae. Sai ya yi abin da baƙo mai hankali ke yi, ya tausasa kiɗansa, ya sa masa goge irin na Turawa, ya yi ta wasa a otal da gidajen shaƙatawa. A 1971 hukuma ta tilasta wa gidajen rediyo su riƙa sa kiɗan da aka yi a Kanada, a shekarar kuwa "Wishbone" nasa ya sami shiga. Reggae Magic ya fito a 1972, Let's Put It All Together a 1975. Waɗansu masu son tsohon kiɗansa suna raina waɗannan, suna cewa ya zuba wa miya ruwa. Ni ban ga laifinsa ba. Mutum yana da ciki, kuma ta wannan hanya kunnen Kanada ya fara sabawa da takin Jamaika. Ya kafa ɗan kamfaninsa na faya-fayai, ya buɗe kanti, ya zama kamar uba ga makaɗan Jamaika da ke tasowa a birnin. A 1985 aka sa sunansa cikin jerin manyan makaɗa baƙar fata na Kanada waɗanda a ke girmamawa.

Bai yanke da gida ba. A tsakiyar shekarun 1970 ya riƙa komawa Kingston yana aiki da Bunny Lee, suka sake buga tsofaffin kiɗansa da sabon taki, suka fitar da faya-fayai irin su The Keyboard King. A lokacin nan ne ya ga abin mamaki da idonsa. Sababbin gidajen kiɗa na Kingston sun koma kan harsashin Studio One suna ta gini. Samarin da ba su yi wayo ba sa'ad da aka buga "Real Rock" a 1967 su ne ke hawansa. Willie Williams ya ɗora masa "Armagideon Time", ƙungiyar Turawan Ingila da a ke kira Clash ta ɗauka ta sake yi a 1979, yau kuwa waƙoƙin da aka gina a kan wannan ridim ɗaya sun kai ɗaruruwa. Barrington Levy ya hau "Hot Milk", Frankie Paul ya hau "Darker Shade of Black".

Na "Full Up" ya fi ban dariya. Mighty Diamonds suka ɗora masa wata waƙa a kan lofen shan tabar wiwi. Sai waɗansu yara biyar na birnin Birmingham a Ingila, 'ya'yan mutanen tsibiran nan, masu suna Musical Youth, suka so su yi ta. Da ya ke bai kamata yara su yi waƙar lofe ba, aka mai da lofen tukunyar girki, aka ce da waƙar "Pass the Dutchie". A watan Oktoba na 1982 ita ce ta ɗaya a Ingila, ta kuma shiga cikin goman farko a Amurka. Iyaye da 'ya'ya a ƙasashe da yawa suka yi ta rawa a kan kiɗan da aka buga a Brentford Road tun yaran nan ba su fara tafiya ba, waɗansunsu ma ba a haife su ba. A wannan karo dai sunan Mittoo ya fito cikin masu tsarawa. Ya kuma yi aiki da yaran, har a 1985 ya raka su ƙasar Gana. Yana can ya ɗauki waɗansu kiɗa, amma ba su fito ba sai bayan ransa, a faifan da aka kira Jackie Mittoo in Africa.

Skatalites sun sake haɗuwa a 1983 don bikin kiɗa na Reggae Sunsplash a Jamaika, tsofaffi da furfura, autansu kuwa shekararsa 35. A 1989 ya sake komawa cikinsu na ɗan lokaci, amma jiki ya ƙi, dole ya bari. Duk da haka ya lallaɓa ya tafi New York ya yi faifansa na ƙarshe, Wild Jockey, a gidan kiɗa na Lloyd Barnes. Ciwon daji ne ke cinsa. Aka kwantar da shi a asibiti a Toronto ran 12 ga Disamba, 1990, ran 16 ga wata ya rasu, yana da shekara 42. Aka ɗauko gawarsa aka kai Jamaika, aka yi jana'izarsa ran 2 ga Janairu, 1991, a National Arena ta Kingston, babban zauren taro na ƙasar. Mawaƙan da ya yi wa kiɗa tun suna samari suka hallara, Dodd ma ya zo.